Ford v Ferrari: Fim ɗin da ya san darajar kunnen bakanike

Ba a yi nisa da fara fim ɗin Ford v Ferrari ba sai a kai mai kallo wani ɗan gareji a Kalifoniya. Wani mutum ya dawo da motarsa ƙirar MG yana ta faɗa, wai ya kashe kuɗinsa amma har yanzu tana tari tana shaƙewa. Bakaniken, Ken Miles, bai tsaya kwana-kwana ba ya shaida masa cewa motar lafiyarta ƙalau, tuƙinsa ne ciwon. Yana saurin canja giya, ba ya barin inji ya buɗe murya, sai mai ya yi yawa wuta ta yi kaɗan, ciki ya cushe. An ƙera ta don gudu, shi kuwa lallaɓa ta yake yi. Mutumin ya figi motarsa a fusace ya tafi. Ba a jima ba jami'an haraji suka zo suka garƙame garejin da kwaɗo.

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta kore masa mai kawo aiki a daidai lokacin da bashi ya kai masa wuya. Duk bakaniken da ke zaune ƙarƙashin rumfar kwano a bakin tashar Gaya ko a hanyar Ajingi ya san wannan tsaka mai wuya, sai dai ya fi Miles iya baki. Cewa zai yi, "Alhaji, ai motar nan ba ta da matsala, sai dai a riƙa ɗan sakar mata ƙafa idan an hau titi," ya wanke fulogi, ya karɓi na goro, a rabu ana dariya. A nan nake ganin darajar fim ɗin take. An tallata shi a matsayin karon battar manyan kamfanoni biyu, amma abin da ya fi iya nunawa shi ne aikin mai gyara: yadda yake sauraron ƙarfe, da yadda gwanintar tasa kaɗai ta kasa riƙe masa shago.

James Mangold ne ya ba da umarni. Fim ɗin ya fito a Nuwamban 2019, tsawonsa minti 152, a Ingila kuma sunansa Le Mans '66. Christian Bale ne ya fito a Ken Miles, Matt Damon ya fito a Carroll Shelby. Labarin ya faru da gaske, ko da yake an yi masa ado. A 1963 Henry Ford na Biyu, jikan wanda ya kafa kamfanin, ya nemi sayen Ferrari ta Italiya, saboda samarin Amurka sun fara yi wa Ford kallon motar iyaye. Ciniki ya kusa faɗawa sai Enzo Ferrari ya lura takardar za ta raba shi da iko a kan sashen tsere, wanda shi ne ransa, ya fasa. Ford ya sha alwashin sai ya kunyata shi a Le Mans, inda Ferrari ta yi ta lashe gasa shekara shida a jere, daga 1960 zuwa 1965.

Wanda bai san Le Mans ba zai iya zaton tsere ne irin na wa zai riga wa. Gari ne a Faransa da ake gasar awa 24 tun 1923, a kan da'ira mai kusan kilomita 13 da rabi, wadda wani ɓangarenta titin jama'a ne da ake rufewa. A wancan zamanin direbobi biyu ke karɓa-karɓa a mota ɗaya, daga la'asar ɗin Asabar zuwa la'asar ɗin Lahadi, cikin duhu da ruwan sama, kuma wadda ta fi cin nisa ita ke da kambu. Motar da ta ci a 1966 ta yi kilomita 4,843, wato Kano zuwa Legas sau huɗu da ɗoriya ba hutu sai na shan mai da canja taya. Motoci 55 suka tashi, 15 kaɗai suka kai ƙarshe. Yawancin saura giya ce ta watse, ko inji ya buga, ko birki ya ƙone, ko an yi karo. Gasa ce ta makanikai kafin ta zama ta direbobi, kuma Mangold ya gane haka. Masu tambayar amfanin irin wannan ɓarnar mai su tuna Peugeot 504 ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar kamfanin a Kaduna. Irin wannan azaba ce ke tona wa mota asiri kafin ta zo hannun direban haya.

Shelby mutumin Texas ne, ya ci Le Mans a 1959 cikin Aston Martin, ciwon zuciya ya sauke shi daga tuƙi a shekarar da ta biyo. Sai ya koma sana'ar da makanikanmu za su gane da kallo ɗaya: ya ɗauko gangar jikin wata ƙaramar motar Ingila ta kamfanin AC, marar nauyi, ya ɗora mata ƙaton injin Ford mai silinda takwas, ya sa mata suna Cobra, ya buɗe Shelby American a 1962. Dashen inji ke nan, irin wanda ake yi kullum da injunan da ake saro wa a Kofar Ruwa, sai dai shi ya mai da shi kamfani. Miles kuwa Bature ne ɗan yankin Birmingham, an haife shi a 1918, ya yi yaƙin duniya na biyu a rundunar tankoki, ya ƙaura Kalifoniya a farkon shekarun 1950 yana haɗa motocin tsere da hannunsa daga kayan MG. Yana tuƙi, yana gyara, bakinsa kuma ba linzami.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne tsakiyarsa, a wani rumbun jirage a filin jirgin saman Los Angeles, inda Shelby da Miles ke ta fama da GT40, motar da Ford ke son ta kayar da Ferrari da ita, wadda tsayinta daga ƙasa zuwa rufi inci 40 ne kacal. Injiniyoyin Ford sun cika kujerar gefe da na'urorin awo. Miles ya zagaya ya dawo ya ce iska na shiga ta gaba ba ta samun mafita, tana ɗaga hancin motar idan gudu ya yi gudu. Sai shi da Phil Remington, babban maƙerin Shelby, suka fitar da na'urorin, suka yanka zaren ulu guntu-guntu suka manna a jikin motar da salatif, aka riƙa kallon ta tana gudu. Inda zare ya kwanta, iska na wucewa lafiya. Inda ya miƙe ko ya murɗe, can matsalar take. Dabara ce ta gaske da masu ƙera jirage da motoci suka daɗe suna yi, kuma daɗinta a fim shi ne mai kallo da kansa yana ganin iskar da ba a gani.

Sai maganar birki, wadda a ganina ita ce zuciyar fim ɗin ga duk mai harkar mota. Don a kamo Ferrari, an ɗora wa GT40 inji mai lita 7. Gudu ya ƙaru, nauyi ma ya ƙaru. A Le Mans akwai miƙaƙƙen titin Mulsanne mai kusan kilomita 6, inda motar ke wuce kilomita 320 a awa, a ƙarshensa kuma ga kwana mai tsini da tilas gudu ya sauko ƙasa da 80. Duk zagaye sai an maimaita haka, sau ɗaruruwa. Faifan birki ya yi ja zur, a kan miƙaƙƙen titi iska ta huce shi, a sake gasa shi, har ya tsage. Fim ɗin ya nuna birki ya ƙwace wa Miles a wurin gwaji cikin dare, motar ta kama da wuta yaronsa na kallo. Maganin da Remington ya kawo bai da wani ƙyale-ƙyale: tunda ba za a iya hana faifan lalacewa ba, a tsara shi yadda za a zare a mai da sabo cikin ɗan lokaci ana tsakiyar tsere. A fim mutanen Ferrari sun tayar da jijiyar wuya cewa an karya doka, Shelby ya ce a nuna masa shafin da ya hana.

Wannan ya kamata ya tsaya wa direbobinmu a rai. Mai Golf ɗin haya da ke lodi daga Gaya zuwa Kano ta Wudil, idan ya shigo gareji abin da ya fi roƙo shi ne mota ta riƙa tashi. A cire mata indomin salansa, a zare abin da ke daidaita zafin ruwan lagireto, a haɗa fanka kai-tsaye, a taɓa totur. Da wuya ka ji ya ce, "Oga, duba mini birkin nan tun bai fara kuka ba." Sai takalmin birki ya cinye, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, fasinja na baya ma yana jin ƙarar. Mutanen da suka kashe miliyoyin daloli neman gudu, rabin tunaninsu a kan yadda za su tsaya yake.

Ba a manta da guduma ba. A tseren Willow Springs na farkon fim, alƙali ya ce but ɗin Cobra bai kai girman da doka ta ce ba, Miles ya ɗauki guduma ya yi ta dukan murfin har akwatin awo ya shige. Ranar Le Mans kuma ƙofarsa ta ƙi rufuwa tun daga tashi, ya yi zagayen farko yana fama da ita, ya shigo wurin gyara, Remington ya maka mata guduma ta zauna. Maganar ƙofar ta faru da gaske. Masu fanabita za su ji daɗin ganin cewa motar da kamfanin Ford ya zuba wa dukiya ita ma wani lokacin bugu take ji. A Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙerin nan mai suna Kano ya fita neman tama har ya yada zango a gindin Dala, ba sai an yi wa kowa dogon bayani a kan mutuncin mai guduma ba.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar biyu a 2020, ta tace hoto da ta tace sauti, kuma ta sautin ba kyautar alfarma ba ce. Injin Ford yana da gurnani mai kauri daga ƙasa, na Ferrari mai silinda goma sha biyu yana da tsuwwa siririya, har mutum zai iya rufe ido ya san wadda ke gaba. Ana jin canjin giya, ana jin lokacin da inji ya doshi juyi 7,000 a minti ya fara kukan da ke nufin ko nasara ko fashewa. Na taɓa ganin wani dattijon bakanike ya ɗora tsinin sukundireba a kan inji yana aiki, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya matsar da ita gaba kaɗan, sannan ya ce wa yaronsa wane bawul ne ke ƙara. Wannan ilimin ne fim ɗin ya ɗauka da muhimmanci, shi ya sa wanda zai kalle shi a waya ya nemi abin sawa a kunne. Lasifikar waya za ta cinye masa rabin aikin.

Bale ya yi wasa ƙwarai. Ya rame, ya turo haɓa gaba, yana magana da mota kamar mai lallashi, yana shan shayinsa a kofin ƙarfe, kuma bai nemi mai kallo ya so shi ba. Damon aikinsa ya fi wuya ko da yake bai kai na Bale ɗaukar ido ba, don shi ne mai tsayawa tsakanin gwani mai taurin kai da masu kuɗi masu son a bi layi, ya yi wa wannan murmushi ya ba wancan haƙuri. Damben da suka yi a kan ciyawa da kayan cefane, matar Miles ta jawo kujera ta zauna kallo, abin dariya ne mai ma'ana: abokai ne da ba su iya ba juna haƙuri da baki ba. Caitríona Balfe ta riƙe matsayin Mollie, matar Miles, da kyau, musamman inda ta taka mota da mugun gudu har sai da mijin ya faɗa mata gaskiyar aikin da aka yi masa tayi, amma ita kaɗai ce mace mai babbar rawa a fim ɗin, kuma yawanci a bakin rediyo ko talabijin take. Tracy Letts, a matsayin Henry Ford na Biyu, ya sace wurin da Shelby ya ɗauke shi a GT40 ya zagaya da shi, ƙaton attajiri ya fashe da kuka, rabi tsoro rabi mamakin abin da ke ɗauke da sunan gidansu. Ga mai tambaya saboda iyali: babu tsiraici, akwai 'yan zage-zage da shan giya jefi-jefi.

To, sai adon. Fim ɗin yana son bakanike har ya yi masa ƙarya don ya faranta masa. Ya ɗauki Leo Beebe, jami'in Ford mai kula da tsere, ya mai da shi mugun ɗan ofis wanda ba shi da aiki sai yi wa Miles zagon ƙasa. Beebe na gaske mutum ne da Ford ta ba gwamnatin Amurka aro ya taimaka wajen tsugunar da 'yan gudun hijirar Hungary bayan rikicin 1956, kuma waɗanda suka san shi sun yi ƙorafin yadda aka nuna shi. An nuna an hana Miles zuwa Le Mans a 1965 yana sauraro a rediyo, alhali ya je, ya yi tuƙi tare da Bruce McLaren, giya ce ta ba su kunya. An nuna ya ci tseren Daytona a zagayen ƙarshe da ƙyar, alhali da tazara mai yawa shi da Lloyd Ruby suka ci. Enzo Ferrari da aka nuna yana ɗaga masa hula bai ma halarci tseren ba. Irin wannan ana yafe wa mai ba da labari.

Abin da ban yafe ba shi ne yadda aka raina aikin awo da rubutu. Mai kallo zai fita da tunanin cewa zaren ulu da kunnen Miles ne suka kayar da Ferrari, na'ura kuwa shirme ce ta masu ɗaure wuya. Tarihi bai ce haka ba. Asalin GT40 daga Ingila take, daga motar Lola ta Eric Broadley, aka raine ta a Slough ƙarƙashin John Wyer, fim ɗin kuma da ƙyar ya waiwaye su. Bayan kunyar 1964 da 1965, inda ko GT40 ɗaya ba ta kai ƙarshe ba, injiniyoyin kamfanin suka ɗaure injin a kan na'urar gwaji da ke kwaikwayon kowane canjin giya da kowace kwana ta Le Mans, suka yi ta gudanar da shi har ya iya jure awa 48. Duk abin da ya karye a rubuta, a sake shi, a koma. Sannan suka je gasar 1966 da manyan motoci takwas, uku suka kai ƙarshe. Ferrari ƙaramin kamfani ne a garin Maranello, Ford kuwa na cikin mafi girma a duniya, amma fim ɗin ya san yadda ya juya har mai kallo ya riƙa tausaya wa mai ƙarfin.

Wannan raini yana da haɗari ga mai sana'a a wajenmu, domin yana shafa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Bakanikenmu ya riga ya yarda cewa kunnensa ya fi kwamfutar duba mota, alhali motocin da ke shigowa yanzu cike suke da na'urorin da kunne ba ya ji. Haka kuma kwaɗon da aka sa wa garejin Miles, fim ɗin ya wuce shi kamar ƙaddarar da ke faɗa wa gwanaye. Lissafi ne ya kayar da shi. Shago yana mutuwa ne idan kuɗin kayan gyara ya cakuɗe da ladan aiki a aljihu ɗaya, idan bashin "sai an yi girbi" ya taru ba littafi, idan yaran shago sun ci rana a kan motar da maigida ke yi don sha'awa, ta mai biya tana jiran su. Shelby ya fi shi sanin kasuwa, amma shi ma an nuna shi yana karɓar kuɗin motar da aka riga aka yi wa wasu alkawarinta, kuma an shirya wurin don a yi dariya. Wanda ya taɓa ba mai sana'a kafin alƙalami ya yi ta sintiri ba zai yi dariyar da yawa ba.

Duk da haka fim ɗin ya faɗi gaskiya guda da ta fi waɗannan kurakuran nauyi, wato gwani ba shi ne mai abin ba. A sukuwa sunan mai doki ake kira, ba na wanda ya kwana yana ba shi harawa da kanwa ba. Ranar 19 ga Yunin 1966 Miles da Denny Hulme suna gaba, sai manyan Ford suka so motocinsu uku su ƙetare layi tare saboda hoto. Miles ya sassauta ya jira. Alƙalai suka ce motar McLaren da Chris Amon ta taso ne daga 'yan mitoci a baya, don haka ita ta fi cin nisa, aka ba ta kambu. Da haka Miles ya rasa zama wanda ya haɗa Daytona da Sebring da Le Mans a shekara guda. Fim ɗin ya ɗora laifin kacokan a kan Beebe, amma Shelby na gaske ya amsa daga baya cewa da yardarsa aka yi, kuma ya yi nadama. Abin da Bale ya yi da fuskarsa a wannan minti ya isa dalilin kallon fim ɗin. Bai yi ihu ba, bai jefar da komai ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya kama hanya shi da Shelby suna maganar yadda za a rage wa mota ta gaba nauyi.

Waccan mota ta gaba ita ta kashe shi. Ranar 17 ga Agustan 1966, wata biyu bayan Le Mans, yana gwada ta a filin Riverside ta ƙwace a cikin gudu ta wuntsila, ya mutu yana da shekara 47. Mangold ya ɗauki wurin daga nesa, ƙura da hayaƙi kawai, kuma ya kyauta. Daga nan sai ya karkata ga neman hawaye, ya bar abin da ya fi dacewa da fim irin wannan. Bayan mutuwar Miles an sake wa motar siffar jiki, aka girka mata kejin bututun ƙarfe a ciki mai kare direba, duk da nauyin da ya ƙara mata. Ita ce ta zama Mark IV da Dan Gurney da A. J. Foyt suka ci Le Mans da ita a 1967. A wannan tseren ne Mario Andretti ya fito daga wurin gyara cikin dare da irinta, ya taka birkin da aka ɗaura masa ba daidai ba, ta juya ta daki gefen hanya ta ragargaje. Kejin ya riƙe, aka fito da shi da rai.